Keke Ɗaya a Enkhuizen

Warns, 26 ga Yuni, 1978

Zuwa ga Yaya Hiske,

Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Siebren da yara. Za ki ga rubutun ba na Fedde ba ne. Ni ce Baukje, matarsa. Shekara ashirin da shida ke nan da kuka koma Kanada ban taɓa rubuto miki ba. Shi ne mai alƙalami a gidan nan, ni iyakata in ce ya gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya.

Ina lafiya, ɗanmu Auke ma lafiya, shi ke riƙe da shanu yanzu. Fedde ne babu. Ya rasu ranar shida ga wannan wata da safe, wajen tatsa. Auke ya same shi zaune a ƙasa tsakanin shanu biyu, ya jingina da bango, hularsa na kansa. Likita ya ce zuciya ce.

Mun aika miki katin rasuwa tun a ranar, amma matar Auke ta kwafi adireshin daga tsohon littafi, na gidan da kuka bari. Ranar Juma'a katin ya dawo mana da hatimi a kai. Mai kawo wasiƙu ya miƙo mini shi tare da naki katin, na murnar ranar haihuwar Fedde. Bawan Allah ya kasa duban idona. Ban ga laifinki ba, ba ki taɓa makara ba ko shekara ɗaya, kuma Fedde kan ce ko da kakarki da kakarsa ne kawai suka haɗa uwa da uba, ke ce yayar da Allah ya ba shi.

Kwana biyu katin yana kan tebur ban buɗe ba, don ba sunana ne a kai ba. Jiya bayan mun dawo daga coci na buɗe. A ƙasa kin rubuta: “To, ka kai ta Enkhuizen ɗin? Ka gaya mata kuwa, ko ka sake yin irin taka?”

Ya kai ni, Yaya. Kwana biyu muka yi, kwana goma sha ɗaya kafin rasuwarsa. Amma bai gaya mini komai ba. Mene ne ya kamata ya gaya mini? Ko mene ne ki faɗa, ba zan ji haushinki ba. Na iya ɗaukar magana.

Taki,
Baukje

Woodstock, Ontario, 9 ga Yuli, 1978

Ƙanwata Baukje,

Yaya haƙuri? Allah ya ji ƙansa, ya ba ki juriya, ke da Auke. Mu nan lafiya lau, ban da bayan Siebren da ke damunsa, shi ma don ba ya jin magana ne.

A tsaye na karanta wasiƙarki a bakin akwatin wasiƙu, sai da Siebren ya fito ya shigar da ni. Wata guda ina ta magana da mutumin da ke cikin ƙasa ban sani ba. Sunansa na nan a kalandar ranakun haihuwa da ke rataye a ƙofar banɗakinmu, ita ce na taho da ita daga gida. Siebren ya ce in sa ɗan gicciye a gefen sunan yadda ake yi. Na ce ya bar mini kalandata.

Ina ta tuna shi yana ɗan shekara bakwai, yana bina a kan ƙanƙara da takalman sulɓi da suka fi ƙafarsa girma. Ya faɗi ya fasa haɓa, ya hana ni faɗa a gida, ya ce ai jinin zai daskare da kansa. Haka yake tun fil azal.

Maganar da kika tambaya kada ki sa ta a ranki. Kin san ni da shi, tsokana ce ta shekara hamsin. In ban manta ba zancen sakar wa Auke gona ne, yana jin nauyin gaya miki. Shi ke nan.

Ki ba ni labarin tafiyar. Ni ban taɓa taka Enkhuizen ba, ga shi yanzu na tsallake teku guda amma ɗan tafkin da ke tsakanin ƙauyenmu da garin ya gagare ni. Me kuka ci? Ya sa hular coci ko ta garke? Ki rubuto da yawa, kada ki damu da rubutu, na fi gane naki a kan nasa.

Yayarki,
Hiske

Warns, 24 ga Yuli, 1978

Yaya Hiske,

Na gode da ta'aziyya. Muna lafiya, mun shigar da ciyawa kafin ruwa ya sauko, maƙwabta sun taya Auke. Allah ya ba Siebren sauƙi, ki sa masa ruwan zafi a gora.

Ba maganar gona ba ce, Yaya. Wannan tun watan Janairu muka gama ta a teburin kicin, ni da shi da Auke. Na san don ki rarrashe ni kika faɗa. Amma kin ce in ba ki labarin tafiyar, zan ba ki, don ban ba kowa ba kuma ya yi mini nauyi.

Kin tuna in gari ya yi haske ana hango hasumiyoyin Enkhuizen daga kan ganuwar da ke tare ruwan tafki, sirara kamar allurai. Tun yana nemana ya ce zai kai ni. Shekara ashirin da takwas, kullum akwai saniyar da ke gab da haihuwa. Sai a ƙarshen Mayu ya shigo kicin ya ce in goge shuɗiyar rigata, jibi za mu tsallaka. Na tambaye shi ko wani ne ya mutu a can. Ya ce a'a, masu rai ma suna tafiya.

Muka hau jirgin fito daga Stavoren. Hular coci ya sa, iska ta so ɗauke ta, ya riƙe ta da hannu har muka sauka. Ɗakinmu a saman gidan burodi yake, a bakin ruwa, matakalar kamar tsani. Ya tsaya sau biyu yana hawa, ya ce ƙirga matakan yake. Ƙararrawar hasumiyar bakin tashar jiragen ruwa kuwa ba ta hutawa, kafin ka gama kofi ta sake kaɗa waƙa. Ya ce mutanen garin nan ba su da aikin yi. Muka ci kyafaffen kifi a takarda, da hannu, muna zaune a kan dutse. A wani lungu mai tsofaffin gidaje da suka sunkuyo kamar za su gaisa, ya kama hannuna. Na fizge na ce mutane na gani. Ya ce a nan wa ya san mu? Sai na mayar masa da hannun.

Kashegari ya ce mu je hasumiyar fitilar jirage da ke bayan gari. Ya shiga shagon hayar keke, ni ina waje ina kallon labulen wata mata. Ya fito da keke ɗaya, ya ce shi kaɗai ya rage. Ya ce in hau, shi zai biyo ni a ƙafa.

A nan ne bakina ya ja mini. Na ce, “Lokacin da kake nemana ba ka taɓa bina a ƙafa ba. Goyo kake yi har Koudum. Ko tsufa ne ya zo, tsoho?”

Ya ce, “Lokacin ba ki kai buhun dankali biyu ba.”

Na ce buhu biyun nan shi ya ci ribarsu. Ya yi dariya ya hau, ya fara tuƙawa, na bi shi da ɗan gudu na ɗare kariyar baya a kaikaice kamar yarinya. Da shekarata hamsin da ɗaya, Yaya. Wani mai sayar da kifi har da tafi.

A kan ganuwa iska ta gaba muka samu, irin wadda kika sani. Ya duƙa yana turawa. Sau uku yana tsayawa wai zai nuna mini tsuntsaye, ni kuwa ina yi masa dariya ina cewa tsuntsun nan ɗaya ne yake ta nuna mini. Da muka isa ya kwanta a ciyawa. Leɓensa ya canja launi, na gani, na ce sanyi ne. Da numfashinsa ya dawo ya ce, “Baukje, akwai wata magana.” Na ce in ta shanu ce ya riƙe ta sai mun koma gida, kwana biyu kacal aka ba ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ta shanu ce.

Dawowa iska na bayanmu, kamar tashi muke yi.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka ya mutu. Ban tambayi likita komai ba, ina tsoron kada shi ya tambaye ni. Mata a coci suna cewa Allah ya so ni da na samu tafiyar nan kafin ya tafi, ni kuwa ko sunan garin ba na son ji. Kwana biyu mafi daɗi a rayuwata, kuma in na tuna su sai in ga ni na hau wuyansa na kashe shi da bakina. Na kuma toshe masa baki a lokacin da zai yi magana.

Don haka nake roƙonki. Ke kaɗai kika san abin da zai faɗa.

Baukje

Warns, 29 ga Satumba, 1978

Yaya Hiske,

Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya. An fara sanyi, nan da 'yan makonni shanu za su koma ɗaki.

Wata biyu ke nan. Mai kawo wasiƙu ya daina tsayawa, daga kan keke yake girgiza mini kai. Na duba adireshin sau uku, daidai yake.

Na gane. Ɗan'uwanki ne tun kafin ya zama mijina, kuma na gaya miki abin da na yi masa. Da ni ce ke, wataƙila ni ma in kasa ɗaukar alƙalami. Ba na neman ki yafe mini. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko zagi ne, ya fi mini wannan shirun. A gidan nan dama shirun ya ishe ni. Har yau kofi biyu nake saukewa daga kanta da ƙarfe goma, sai in mayar da ɗaya.

In ba ki amsa ba, ba zan ƙara damunki ba.

Baukje

Woodstock, Ontario, 11 ga Oktoba, 1978

Baukje, ƙanwata,

Muna lafiya, ina fata ke ma haka. Ban tsaya dogon gaisuwa ba don kunya ta ishe ni.

Wace irin magana ce wannan, wai ina ganin laifinki? Wasiƙa biyar na rubuta miki na jefa a murhu. Siebren ya ce in na ƙona ta shida shi zai rubuta, kuma kin san rubutun Siebren ko saniya ba za ta yarda da shi ba.

Na yi miki ƙarya a watan Yuli saboda na yi wa Fedde alkawari. Da labarinki ya zo kuma sai tsoro ya kama ni, don rabin gaskiyar wuƙa ce, kuma a daidai inda kike ciwo za ta shiga. Ga ta duka, ki karanta har ƙarshe kafin ki ajiye.

Ya san ba shi da lafiya. A watan Maris, ranar kasuwar shanu a Sneek, asibiti ya je. Suka ce zuciyarsa ta gaji, ba aikin da za a yi mata, wataƙila shekara, wataƙila bazara ɗaya. Abin da zai gaya miki ke nan. Ya rubuto mini a Afrilu, na amsa masa da faɗa, na ce in bai gaya miki ba ni zan gaya miki. Ya ce in ba shi zuwa Enkhuizen. Wasiƙar na gabana, ga abin da ya rubuta, ban canja ko kalma ba:

“Sun hana ni ɗaukar garwar madara, sun hana ni hawa rumbun ciyawa, sun hana ni keke. Keke, Hiske. Ka hana agwagwa ruwa. In na gaya wa Baukje a gida, daga ranar za ta zaunar da ni a kujera ta lulluɓe ni da bargo, ta riƙa tafiya a kan yatsu. Ba za ta ƙara yi mini baƙar magana ba, ni kuwa don bakin nan na aure ta. Ina so in ƙara goya ta sau ɗaya, ita ba ta sani ba. Zan karɓi keke ɗaya in ce shi ya rage. Ba sai na roƙe ta ba, in na yi shiru ita za ta yi sauran aikin. In mun isa sai in gaya mata.”

Kin gani? Ke da kika girma a ƙasarmu, yaushe kika taɓa jin shagon hayar keke ya ƙare da keke ɗaya ranar aiki a watan Mayu? Tun kina kallon labulen mutane aka gama shirya miki.

Ba zan ce miki tuƙin nan bai taɓa shi ba. Ban sani ba, ni ba likita ba ce, kuma na gaji da yi miki ƙarya. Abin da na sani, wata guda da rabi kafin ki buɗe baki ya riga ya zaɓa. Batun toshe masa baki kuwa, mutumin da ya ɓoye fasasshiyar haɓa yana ɗan shekara bakwai ba ke kika koya masa shiru ba. Ƙofa yake nema, kika buɗe, ya fice.

In akwai mai laifi a nan ni ce, da na san komai ina zaune a wata duniya ina lissafin ranakun haihuwa. Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki rubuto.

Yayarki,
Hiske

Warns, 2 ga Nuwamba, 1978

Yaya Hiske,

Wasiƙarki ta zo, na gode. Muna lafiya. Shanu sun shiga ɗaki, matar Auke na da ciki, sai watan Afrilu in Allah ya yarda. Ki gaishe da Siebren, ki ce na gode da ya tsorata ki.

Na karanta har ƙarshe yadda kika ce. Daga nan na fita rumfa. Kekensa na jingine a can tun watan Maris, ya ce mini sarƙar ce ta lalace. Fedde, da yake gyara wa rabin ƙauyen nan sarƙa. Na juya feda da hannu, tana tafiya sumul. Wata takwas ina wucewa ta gabansa.

Na yi fushi, Yaya, ba da ke ba. Kwana uku ina wanke abin da ba ya buƙatar wanki. A rana ta huɗu da hantsi na sa kwat na tafi maƙabarta. Tun da aka binne shi in na je tsayawa kawai nake yi kamar baƙuwa, in gyara furanni in dawo, don ina jin ba ni da bakin yi masa magana. Ranar kuwa na samu baki.

Na ce, “Fedde, maƙaryaci. Keke ɗaya ya rage, ko? Ka mai da ni sakarya a garin mutane, har da mai kifi yana tafi.” Na gaya masa wata uku ya sace mini, da na sani da na zauna kusa da shi maimakon goge tagogi. Na gaya masa bargon ma da ya raina da na lulluɓa masa, ya mutu da ɗuminsa kamar mutumin kirki. Na kira shi tsoho, na kira shi abin da ba zan rubuta ba. Matar fasto na can gefe tana share kabarin uwarta, ta tattara tsintsiyarta ta bar wurin.

Da na gama sai na tsaya ina jira in ji na yi da-na-sanin hawa keken. Na jira sosai. Bai zo ba. Gaskiyarsa ce, da ya gaya mini ko da bindiga ba zan hau ba, kuma da yanzu ba ni da wannan ranar.

Akwai abin da na ɓoye miki a wancan labarin, don shi ya fi ba ni kunya. Da muke dawowa, iska na tura mu, na zagaye shi da hannu biyu na kwantar da kunnena a bayansa, yadda nake yi muna yara. Na ji zuciyarsa ta cikin kwat. Tana gudu, tana tsallake, tana sake kamawa. Na ji ta sarai, Yaya. Kin san abin da na ce a raina? Na ce ji tsohon nan, bayan shekara ashirin da takwas har yanzu zuciyarsa na rawa saboda ni. Na yi murmushi na ƙara matse shi.

Wata biyar ina cewa babu wawuyar mace kamata, mutum na mutuwa a kunnena ni ina jin daɗi. Yanzu da na karanta abin da ya rubuta miki, na ga ban yi kuskure duka ba. Ciwo ne na ji, amma ba ciwo kaɗai ba.

Ina kewarsa, Yaya. Yau ne na fara kewarsa ba tare da tsoro ba, kuma ya fi zafi, amma wannan zafin nawa ne, zan iya zama da shi.

Ki rubuto ko ba ranar haihuwar kowa ba.

Ƙanwarki,
Baukje